Ɓauren da Ke Kan Rijiyar Baba

Jikata ce ta matsa mini kwanan baya, sai na je na ga garkar da mijinta ya gyara a kwarin da ke hanyar Tsauni. Na je, na gani, na sa albarka. Sun kafa waɗansu allunan gilashi masu shan rana, sun binne tiyo, ruwa yana fitowa da kansa yana bin kunya-kunya, ba guga, ba igiya, ba mai nishi. Albasa ta yi kyau, kabeji kuwa kamar kan jariri. Sai dai ina tsaye ina ta waige-waige, ni kaina ban san abin da ya ɓace mini ba, sai da zafi ya fara cin tafin ƙafata ta cikin takalmi sannan na gane inuwa nake nema. Babu ita, ko ta tsugunnawar mutum ɗaya. Na tambaya, suka ce ai itace tare wa gilashin rana yake yi. Na ƙyale su, don mai ciyar da iyali ba a koya masa gyaran gonarsa. Amma tun daga ranar zuciyata ta koma wata garka da ke can ƙasa kaɗan da tasu, wadda yau rairayi ya shafe, ko alamarta babu.

Da can ruwa yana da murya. Tun kafin ka iso kwari za ka ji jigo yana kuka kamar tsohon ƙyaure, ka ji guga ya faɗa tinjim, ka ji igiya tana goga gungumen bakin rijiya, gungumen da ta riga ta yi wa tsaga-tsaga kamar zanen fuska. Kurciyoyi a sama, kwaɗi a ƙasa, mata suna hira kowace da tulunta a gefe tana jiran a zo kanta. Yaran yanzu a bakin famfo suka san ruwa. Da yawansu ba su taɓa leƙa rijiya sun ga fuskarsu a can ƙasa da ɗan guntun sama a bayanta ba. Ban ce sun yi asara ba, wuyanmu ne ya san abin da tulu ya yi masa. Sai dai akwai abin da ba a gani sai an sunkuya.

An kawo ni Matameye ina amarya, gidan mutum uku: maigidana, mahaifiyarsa da muke kira Inna, da mahaifinsa, Baba. Maigidana kamar sauran samarin garin yake, da an ɗaure gero an zuba a rumbu sai ya ɗauki jakarsa ya bi ta Ɗan Barto ya tsallaka Kano cin rani, ba a sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Aikina kullum da hantsi shi ne in dama fura in kai wa Baba garka, in ɗebo ruwan sha in dawo. Tsakanina da shi kuwa akwai surukuta irin ta da. In na iso sai in tuɓe takalmi daga nesa, in durƙusa, in ajiye ƙwarya, in gaishe shi idona a ƙasa, shi ma ya amsa yana duban wani gefe. Na fi shekara a gidan ban san ko yana da giɓi ba.

Garkar tasa ba ta da girma, amma a tsakiyarta akwai wani ɓaure da kakansa ma a tsaye ya tarar da shi. Ga ƴan kanya da wani mangwaro sun kewaye shi, rassansu sun sarƙe, har mutane suna kiran wurin kurmi, ko da yake in ka yi jifa daga wannan gefe dutsen zai faɗa wancan. Da ka shiga ƙarƙashinsa sai zufa ta tsaya. Rana ba ta sauka a wurin gaba ɗaya, sai dai ta tsiyayo ta tsakanin ganye, ɗigo-ɗigo, kamar jikin zabuwa. A gindin ɓauren rijiyar take, an ɗaure cikinta da duwatsu. Ranar da na fara sunkuyawa zan zura guga, sai na ga wata irin ciyawa a jikin duwatsun wadda ban taɓa gani ba a garinmu. Ganyenta ƙanana ne kamar na zogale, amma sun fi shi laushi, har haske yana ratsa su. Karanta baƙi ne siriri kamar gashin wutsiyar doki. Sabon tsiron kuwa a naɗe yake fitowa, kamar wutsiyar hawainiya, sannu a hankali ya miƙe. Ba ta fure, ba ta ƴaƴa, sai wani ɗan gari-gari mai kamar tsatsa a bayan ganyen. Baba yana kiranta gashin rijiya. Ban sani ba ko sunanta ke nan, ko shi ya raɗa mata.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba ko'ina take fitowa ba. A bakin rijiya, inda iska mai zafi ke bugawa, babu ita. Can ƙasa kusa da ruwa, inda duhu ya yi yawa, sai ƴan tsiraru fari-fari marasa ƙarfi. A tsakani ne ta yi ɗamara ta zagaye rijiyar, shar da ita, daidai inda ɗigon hasken nan yake kaiwa ya wuce. Baba ba ya yarda a goga mata igiya. Ya kafa wani itace mai gwafa yadda guga zai sauka ta tsakiya, kuma duk macen da ta yi garaje sai ya yi gyaran murya. Ranar da Inna ta biyo ni tsinkar yakuwa ta tarar da shi a duƙe yana yayyafa wa duwatsun ruwa da hannu, sai ta riƙe haɓa.

"Malam, wai wannan ciyawar taka miya ake yi da ita ko magani?"

"Ba ko ɗaya."

"To, akuya tana ci?"

"Akuyar da ta shiga nan ai ba ta fitowa ta ba da labari."

"Ka ji! Mutum ya tsufa yana kiwon abin da ba a ci, ba a sha."

"Ke ma ai ba a cinki, ba a shanki, ga shi tun ina saurayi nake kiwonki."

Inna ta ce Allah ya shirye shi. Ni kuwa na cusa bakin mayafi a baki na ruga bayan mangwaro, don dariya a gaban suruki abin kunya ce.

Daga nan sai fari ya zo. Shekarar farko gero ya yi ciki ruwa ya ɗauke, muka tsinci abin da muka tsinta. Ta biyun ma ba a kai ga haka ba, shuka ta fito ta kai idon sawu ta kwanta. Maigidana bai jira kaka ba, don babu abin girba. Ya tafi ya bar ni da ciki, bayan tafiyarsa na sauka, na sami mace. Aka aika masa ta bakin masu tafiya, ya aiko da turmin atamfa da ɗan abin da ya samu, ya ce zai zauna can muddin yana samun na aikowa. Ƴar fari ce, saboda haka ban kiran sunanta, ban yi mata wasa a gaban mutane, in tana kuka a gaban manya sai in yi kamar ba tawa ba har Inna ta ce, "Ke, ɗauke ta mana." Ƴan matan yanzu suna sumbatar jaririnsu a gaban uban mijinsu, ba wanda zai ce uffan. Mu namu son a ciki ake dafa shi, a rufe, kamar ɗan wake.

Baba kuwa ya sami abokiyar hira. Amaryata yake ce mata, irin wasan kaka da jika. Tun da ba ya magana da ni kai tsaye, sai ya mai da ita ƴar aike. In na durƙusa da fura tana goye a bayana, sai ya ce, "Amaryata, gaya wa uwarki furar jiya ta yi tsami daidai." Ko kuwa, "Amaryata, ce wa uwarki ta zauna a inuwa ta huta kafin ta ɗauki tulu, ba wanda ke korarta." Ni kuma in amsa wa ƙasa, "To."

Da bazara ta kama, rumbu ya zama wurin kwanan ɓeraye, su ma suka gudu. Muka ci dusa, muka jiƙa dilo, wato ƴaƴan anza, har ɗacinsa ya fita muka ci, waɗansu suka kai ga tonon gidan tururuwa. A cikin wannan hali ne wata safiya rediyon mai tebur na bakin kasuwa ya wuni yana kiɗan soja, aka ce masu kaki sun karɓe mulki. Maza suka rage ɗaga murya a majalisa. Ba a jima ba sai ga kamiyo-kamiyo, manyan motocin kaya, ɗauke da wata jar dawa ta ƙasashen waje, aka dinga rabawa, soja yana tsaye da bindiga ba mai ture wani. Ta riƙe ran mutane da yawa, ba zan ɓoye ba. Amma ni ta zo mini a makare. Ruwan nonona ya janye. Yarinyar ta kama ta tsotsa ta saki, ta sake kamawa ta saki. Inna ta dama mata kunu salala, cikinta ya ƙi karɓa. Maɗigarta ta faɗa, kukanta ya koma siriri kamar na ɗan kyanwa. Akuyoyin unguwa kuwa tuni wasu sun mutu, wasu an yanka.

A kwanakin nan mutanen arewa suke ta gangarowa, Buzaye da Fulani, waɗanda dukiyarsu ta ƙare a hanya. Wata rana na iso garka na tarar da baƙi a bakin shinge: wani Bafulatani dogo, Ja'e, da matarsa Shatu, da ƴaƴansu ƙanana biyu, da saniya guda. Ita kaɗai ta rage musu daga garken da ya ce in ya taso ƙura sai an ɗauka hadari ne. Ɗan maraƙinta ya mutu, amma hantsarta ba ta gama ƙafewa ba. Ruwa kawai suka roƙa. Baba ya ba su suka sha, suka shayar da saniyar, ita kuwa ta miƙa wuya tana lasar busasshen ganyen ɓauren da ya zuba. Baba ya daɗe yana kallonta.

"Ɗan Fulani, in ta sami ɗanyen ganye za ta kawo nono?"

"In ta ƙoshi za ta kawo, Baba. Ba da yawa ba."

"Zai ishi yara uku?"

Ja'e ya dubi nasa biyu, sannan ya dubi bayana. Shatu ta matso ta ɗaga zanen goyon, ta ga abin da ke ciki, ta ce wani abu da Fulatanci a hankali.

"Zai ishe su, in Allah ya so," in ji Ja'e.

"To ku sauke kayanku. Kana iya hawa itace?"

Kanya da mangwaro sun riga sun kakkaɓe, ɓauren ne kaɗai ya rage da ganye, don saiwarsa tana can wajen ruwa. Kullum da safe Ja'e ya hau da adda, Baba yana ƙasa da sanda yana nuna masa reshen da zai sara, ba ya ƙara ko tsinke a kan abin da saniya za ta cinye a yinin. Shatu ta tatsa, ta tafasa, ta raba uku. Ita ta koya mini yadda zan tsoma tsumma mai tsabta in ɗiga wa yarinyar a baki, kaɗan-kaɗan. Da farko ta dawo da shi. Daga baya ya zauna. Ranar da ta buɗe baki ta tsala kuka mai ƙarfi don an yi jinkirin ba ta, Inna ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdu lillahi, masifaffiya ta dawo."

Ta gabas aka fara saran. Da rassan can suka ragu, hasken safiya mai sanyi ya sami hanya ya gangara cikin rijiya fiye da da. Sai ga ƴan tsirarun nan na ƙasa, fararen, sun yi kore, suna ta warware wutsiyoyinsu. Baba ya yi murna kamar yaro. "Amaryata, zo ki gani. Ashe su ma yunwar haske suke ji, ni ina can ina tsare musu shi." Amma da aka zagayo yamma abin ya sake. Ranar la'asar ta dinga dukan bangon gabas na rijiyar, ganyen wajen ya fara ƙonewa daga baki-baki, ya naɗe, ya koma kalar taba. Kullum sai Baba ya leƙa, ya girgiza kai, ya ɗauki sandarsa ya nuna wa Ja'e reshe na gaba.

Wata rana da azahar, Fulanin sun kai saniya gindin shinge, na shimfiɗa yarinyar a kan zane ina wanke ƙwarya. Baba ya zauna kusa da ita yana kore mata ƙuda. Sai na ji ya fara ba ta labari, murya ƙasa-ƙasa, amma yadda zan ji.

"Amaryata, kin san mijinki ya taɓa yawon duniya? Ni da ƙanena muka bi fataken goro har ƙasar kurmi ta gaske, inda za ki yi tafiyar yini ba ki ga rana sosai ba. A can irin wannan ciyawa har ƙugun mutum take kaiwa, wata ma a jikin itace take fitowa. Shi ya fara nuna mini ita, ya ce, Yaya, dubi ganye kamar saƙar hula. Zazzaɓin ƙasar ya kama shi. A cikin ciyayin nan na haƙa masa kabari, ni da waɗansu bayin Allah da ban san harshensu ba. Na dawo gida ni kaɗai, ban iya duban tsohuwarmu ba, sai na gudo nan garka. Na sunkuya zan sha ruwa, sai ga ƙaramarta a rijiyar ubana. Wataƙila tun da can tana nan, ido ne bai kai ba. To, kin ji. Kakarki ma ba ta sani ba, kada ki gaya mata, kin san kishi."

Na ci gaba da wankin ƙwaryar da ta riga ta fita tas. Ban juyo ba.

A lokacin an tsananta dokar saran itace, kowa yana tsoron masu kakin gandun daji kamar yadda ake tsoron soja, don an ce sabuwar gwamnati ba ta san wasa ba. Ɓaure kuwa ba ya ɓoyuwa, daga kan hanya ana hango yadda ya zama kamar kan da aka yi wa aski rabi. Ran nan sai ga ɗaya daga cikinsu a kan doki, Ja'e yana bisa da adda a hannu. Shatu ta rungume ƴaƴanta. Ni ma na ƙara tamke goyona.

"Kai, sauko! Wa ya ba ka izini?"

Baba ya tako da sandarsa ya tsaya a gaban dokin. "Shef, ni na sa shi. Itacen na kakana ne, laifin nawa ne. In tafiya za a yi, ni za a tafi da ni, sai dai a yi mini haƙuri, ba na sauri."

Mutumin ya sauka daga kan doki. Matashi ne ashe, leɓensa duk a bushe. Ya zagaya itacen yana duba wuraren sara, ya dubi saniya, ya dubi yaran da ƙwaryar nono a tsakaninsu. Baba ya ja masa ruwa. Da ya sunkuya zai karɓi gugan sai ya tsaya, ya daɗe kansa a cikin rijiya. Ya ce ya ga hoton irin ciyawar nan a lakwal, makarantar boko, ya faɗi sunanta da Faransanci, ya ce bai taɓa zaton akwai ta a ƙasar nan ba. Ya sha ruwan, ya share baki.

"Baba, ku dinga sara sama da gwafa, kada ku taɓa jikin uwar, kada adda ta yage ɓawo. In an yi haka zai tofo." Ya kama linzami, sannan ya ƙara da cewa, "Ni ma ina da ƴa a Damagaram. Yau ban biyo ta nan ba."

Sai dai hadari ya ƙi haɗuwa. Gajimare ya taso, iska ta watsa shi. Reshe bayan reshe, har ya rage guda, babban nan da ya miƙe a kan rijiya kamar hannu. Ina isowa da fura na ji Ja'e yana magana.

"Baba, ka yi mana abin da ɗan'uwa bai yi ba. Amma wannan ba zan hau shi ba, na ga yadda kake duban abin da ke ƙarƙashinsa. Gobe za mu kama hanyar kudu, ko Allah zai sa saniyar ta kai."

Na durƙusa na ajiye ƙwarya. Bisa al'ada sai in gaishe shi in tashi. Ban tashi ba. Yarinyar tana bayana, ina jin ɗumin numfashinta a wuyana. Bakina ya buɗe da kansa na ce, "Baba." Shi ke nan abin da ya fito. Ba a roƙo domin ɗan fari, kuma me zan ce wa mutumin da na san abin da ke cikin rijiyarsa?

Sai ya juyo ya dube ni, ido cikin ido, karo na farko. Ashe idanunsa sun fara yin fari-fari a gefe, ashe kuma yana da giɓin.

"Tashi, ƴata. Ba sai kin faɗa ba." Ya ɗaga sanda. "Ɗan Fulani, hau. Ka fara daga ƙarshe, kaɗan-kaɗan, ya daɗe mana."

"Baba, ciyawarka fa?"

"Wanda take tuna mini ya riga ya tafi, ba abin da zan ƙara masa sai addu'a. Wannan kuwa tana nan. Hau."

Kwanaki kaɗan rana ta faɗa cikin rijiyar tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka gina ta. Har tsakuwar ƙasa ana gani. Ɗamarar nan kore ta ƙone kamar an bi ta da bakin wuta, sai tsilli-tsilli a cikin tsagar duwatsu. Baba ya kafa rumfa ya rufe da zana mai kauri, rijiya ta yi duhu ɗum. Ba a daɗe ba waɗanda suka tsira suka yi rawaya, suka yi tsawo siriri suna miƙewa wajen ƴar kafar da haske ke shigowa, suna faɗuwa. Na ji yana ce wa yarinyar, "Amaryata, na rasa yadda zan yi da ita. Rana ta kashe, duhu ya kashe. Inuwar ganye take so, ni kuwa ban iya saƙa ganye ba."

Da na koma gida na zauna a ɗakina, sai idona ya faɗa kan asabarin ƙofata, wanda uwata ta sa mini a kayan ɗaki. Rana tana bayansa, ga haskenta a kan daɓe, tsinke-tsinke, yana motsi in iska ta taɓa. Na tashi na kwance shi. Inna ta ce, "Ke kuma ɗakin naki a buɗe za ki bar shi?" Na ce zan rataya zane. Ta dube ni, ta dubi asabarin, sai ma ta taya ni naɗewa. Washegari na ajiye shi kusa da ƙwaryar fura. Baba ya warware shi, ya ɗaga shi sama yana duban rana ta cikinsa. Shi da Ja'e suka sauke zanar suka ɗora shi. Ya leƙa rijiya ya daɗe, sannan ya ce, "Amaryata, gaya wa uwarki Allah ya yi mata albarka." Ba duka ta dawo ba. Wani ɗan gungu ne kawai da bai fi tafin hannu ba ya riƙe a gefen yamma, yana yayyafa masa ruwa safe da maraice, har wata safiya ya kira Ja'e ya nuna masa sabon tsiro guda, a naɗe.

Ganyen ƙarshe ya ƙare saniya ta koma cin ɓawon rassan da aka sare, sannan Allah ya saki ruwa. Mata suka fito tsakar gida suna guɗa a cikinsa. Da ƙasa ta yi kore, Ja'e ya ɗaura kayansa. Ni da Shatu muka riƙe hannun juna a bakin shinge, ba ta iya Hausa sosai ba, ni ban iya Fulatanci ba, kuka ya yi mana tafinta. Ban sake jin labarinsu ba, amma ban taɓa sallah na manta da su ba.

Maigidana ya iso bayan an yi shuka, ya rame, da ɗan buhu a ka. Inna ta ce masa tsohon yana garka, ni ma ina can. Muna zaune sai muka ga mutum ya tsaya a bakin shinge bai yi ko sallama ba. A ƙarƙashin ɓauren nan ya yi rarrafe, a nan ya yi jinyar kaciya, a nan ya haddace abin da ya haddace. Yanzu ga itacen tsaye kamar kuturu, dungu-dungu, sai ƴan jajayen tofo a kan gwafa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tuna ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaida ubansa.

"Baba, wa ya yi mana wannan?"

Yarinyar tana kan cinyar Baba tana jan gemunsa, wuyanta ya yi gammo-gammo. Ya ɗago ta da hannu biyu ya miƙa masa.

"Ga ɓauren naka nan. Ɗauki ka ji nauyinsa."

Namiji ba ya ɗaukar ɗan farinsa a gaban mahaifinsa. Maigidana ya sunkuyar da kai, hannuwansa a kan gwiwa. Baba bai sauke nasa ba, har suka fara karkarwa don tsufa. Sai maigidana ya karɓe ta. Ta dube shi, baƙo ne, ta taɓe baki za ta yi kuka, sai kuma ta fasa ta kama hancinsa. Na ga kafaɗunsa sun fara girgiza. Baba ya dafa sanda ya miƙe, ya ce bari ya je ya duba kunyar albasa can ƙarshen garka, wurin da ni da shi muka san ba a shuka komai ba. Ya tafi a hankali, bai waiwayo ba.